Kwarin Buza'a ko Wadi Ash: Bin Diddigin Asalin Wasu Baitoci Biyar na Larabci

1.0 Gabatarwa

Daga cikin baitocin Larabci da suka yi fice wajen siffanta ƙasa da tsirrai da ruwa, akwai wasu guda biyar waɗanda ɗaliban adabi da na balaga kan haddace tun da wuri, su kuma riƙa kafa hujja da su a rubuce-rubucensu. Baitocin suna bisa karin Wafir, amsa-amonsu kuwa harafin mimun ne mai kisira. Jigonsu shi ne wani kwari mai itatuwa da ƙorama, wanda matafiya suka fake a cikinsa daga zafin rana. Mawaƙin ya yi wa kwarin addu'ar samun ruwan sama, ya kamanta yadda rassan itatuwa suka sunkuyo kan baƙin da yadda mace kan sunkuya kan ƙaramin yaro, ya fifita ruwan wurin a kan abin shan masu shagali. Inuwar kwarin kuma ta zama tamkar Sallama a ƙofar fada, ta tare rana ta ba iska izinin shiga. Baitin da ya fi shahara shi ne na tsakuwar ƙoramar, wadda saboda kyanta budurwa mai ado kan razana ta kai hannu wuyanta, tana zaton sarƙarta ce ta tsinke ta zube.

Wanda ya buɗe littattafan tarihin adabin Andalus na makarantu, sau da yawa zai tarar da baitocin a ƙarƙashin sunan wata mace, Hamda bintu Ziyad, mutuniyar Wadi Ash. Wanda kuma ya buɗe littattafan tarihin mazaje na ƙasar Sham zai same su a ƙarƙashin sunan wani waziri, Abu Nasr Ahmad ibn Yusuf al-Manazi. Ke nan mawaƙa biyu ne, kwari biyu ne, tsakaninsu kuma akwai tsawon tekun Bahar Rum baki ɗaya. Wannan maƙala za ta bi sawun kowace da'awa daga littafin da ya ɗauko ta zuwa wanda aka ɗauko ta daga gare shi, don a ga inda kowacce ta tsaya.

2.0 Riwayar mutanen gabas

Ginshiƙin riwayar gabas shi ne Ibn Hallikan (608–681 B.H., wato 1211–1282) a cikin Wafayatul A'ayan, littafin da ya fara a Alƙahira a 1256 ya kammala a 1274. Bisa ga abin da ya kawo, Manazi waziri ne na Ahmad ibn Marwan Bakurde, sarkin Mayyafariƙin da Diyar Bakr, wanda ya yi mulki daga 1011 zuwa 1061. Sarkin ya sha aika shi jakadanci Kustantiniya. Mutum ne mai tara littattafai, ya kuma yi waƙafinsu ga masallatan Juma'a na Mayyafariƙin da Amid, inda har zamanin Ibn Hallikan ake kiransu da sunansa. Ya rasu a shekara ta 437 (1045). Game da baitocin, Ibn Hallikan ya ce Manazi ya bi ta kwarin Buza'a ne a wata tafiyarsa, kyan wurin ya burge shi, sai ya tsara su. Ya kuma yi bayanin cewa Buza'a babban ƙauye ne da ke tsakiyar hanya tsakanin Halab da Manbij.

Mai shakka zai iya tambaya ko akwai irin wannan ni'ima a busasshiyar ƙasar arewacin Sham. Amsar ta zo ne daga bakin ɗan Andalus. Ibn Jubair, matafiyin da ya taso daga Garnaɗa, ya yada zango a Buza'a a 580 (1184) kan hanyarsa daga Manbij zuwa Halab, ya kuma rubuta cewa garin ya fi ƙauye girma bai kai birni ba, yana da idon ruwa mai gudana ta cikin wani fili mai korayen lambuna. Saboda haka ba a iya kore Buza'a da hujjar yanayin ƙasa.

Duk da haka riwayar gabas tana da nata raunin, kuma Ibn Hallikan da kansa ne ya bayyana shi. Ya ce diwanin Manazi abu ne mai wuyar samu, har ma Alƙali al-Fadil, wazirin Salahuddin (ya rasu 596/1200), ya sa wani mai tafiya ya nemo masa shi a waɗancan garuruwa, mutumin ya yi cigiya bai samu ko labarinsa ba. Wato dai baitocin ba daga diwanin mai su suka iso ba. Sun iso ta hannun masu tattara zaɓaɓɓun waƙoƙi da masu tarihi, da daɗewa bayan rasuwar wanda aka jingina wa su.

2.1 Labarin Ma'arri

Mutum na biyu a riwayar gabas shi ne Ibn al-Adim (588–660/1192–1262), ɗan Halab, mai tarihin birnin da ake kira Bugyatul Ɗalab. Shi ne ya kawo labarin da ya fi kowane yaɗuwa. Ya ce labari ya iske shi cewa Manazi ya tsara baitocin don ya karanta wa Abul Ala'i al-Ma'arri (363–449/973–1057), makahon masanin nan da ya tsare kansa a gida a Ma'arra tun dawowarsa daga Bagadaza. Da ya fara karantawa, duk sa'ad da ya kawo ɗangon farko na baiti, sai Ma'arri ya riga shi faɗin ɗango na biyu daidai yadda ya tsara. A wuri guda kawai suka saɓa, a baitin sunkuyowar itatuwa. Manazi ya rufe baitin da kalmar yatim, Ma'arri kuwa ya rufe da faɗim, wato yaron da aka yaye, ya kuma ce tasa ta fi kyau. Kalmar Ma'arri ce ta zauna a bakin jama'a har yau.

Wannan saɓani ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Kalmomin biyu sikelinsu ɗaya, amsa-amonsu ɗaya, don haka kari bai isa ya raba gardamar ba. Ma'ana ce ke rabawa. A Hausa maraya kan zama wanda ya rasa uwa ko uba, amma yatim a Larabci, idan ana zancen ɗan Adam, wanda ya rasa uba ne. To, akwai kuma wani saɓanin riwaya a kalmar da ta gabace ta: wasu kwafe-kwafen suna da ma'anar "masu haihuwa", wasu suna da "masu shayarwa". Idan mahaifiya ce ta sunkuya kan ɗanta da uba ya mutu ya bari, hoton ya tsaya daram, tausayin kuwa na baƙin ciki ne. Idan kuwa mai shayarwa ce ta sunkuya kan yayayye, tausayin na ɗan lokaci ne, irin na matar da ta hana nono alhali zuciyarta ba ta so. Matafiyan da suka yi ƙailula a inuwa za su tashi da la'asar, don haka hoto na biyu ya fi dacewa da su. Maƙƙari ma ya lura cewa a labarin Ibn al-Adim kalmar "masu haihuwa" ce ta zo, saɓanin riwayar da shi ya fara kawowa. Wannan yana nuna cewa baitocin sun daɗe suna yawo a baka, ana gyara su, kafin a tsayar da su a takarda.

Shin labarin ya faru? Haɗuwar mutanen biyu ba abin mamaki ba ce. Zamaninsu ɗaya, Ibn Hallikan ma ya kawo wata hira tasu daban, inda Ma'arri ya koka da cutarwar mutane, Manazi ya ce masa me ya haɗa su da shi alhali ya bar musu duniya da lahira, Ma'arri ya maimaita kalmar lahira cikin jin zafi, ya yi shiru har baƙon ya tashi. Sai dai zancen cika wa mawaƙi baitinsa tsohon salo ne na masu ba da labarin adabi. An ba da irinsa game da Ibn Abbas da Umar ibn Abi Rabi'a, an kuma ba da shi game da wasu mawaƙan zamanin Umayyawa. Daɗin daɗawa, Ibn al-Adim bai kawo isnadi ba, cewa kawai ya yi labari ya iske shi, ga shi kuma mai ƙaunar Ma'arri ne, har littafi guda ya rubuta don kare shi. Abin da za a iya riƙewa daga labarin shi ne cewa a Halab ta farkon ƙarni na 7 na Hijira, baitocin sun riga sun shahara da sunan Manazi har an gina musu hikaya.

Mai goyon bayan Andalus zai iya juya labarin ya ce, ai Ma'arri ya cika baitocin ne don ya riga ya san su, Manazi kuwa ɗauko su ya yi. Hujjar tana da daɗin ji. Amma idan aka karɓe ta, abin da za ta tabbatar shi ne baitocin sun wanzu kafin 437, wannan kuwa, kamar yadda za a gani, ya fi cutar da Hamda fiye da Manazi.

3.0 Hamda da zamaninta

Wadi Ash shi ne garin da yau ake kira Guwadis a kudancin Sifaniya, gabas da Garnaɗa, a gindin duwatsun nan masu ƙanƙara. Hamda, wadda wasu ke kira Hamduna, 'yar wani malamin yara ne mai suna Ziyad, tana kuma da 'yar'uwa mawaƙiya, Zainab. Ana yi mata laƙabi da Hansa'u ta Magrib. Ibn Sa'id (ya rasu 685/1286) da Lisanuddin Ibn al-Haɗib (ya rasu 776/1374) duk sun ba ta gurbi a littattafansu, kuma babu mai jayayya a kan gwanintarta.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan bincike shi ne abin da Ibn al-Abbar na Balansiya (ya rasu 658/1260) ya kawo, domin shi da isnadi ya zo. Ya ruwaito daga wani adibi, shi kuma daga Abul Ƙasim Ibn al-Barraƙ, wanda ya ce Hamda da kanta ta karanta masa waƙarta. Ibn al-Barraƙ mutumin Wadi Ash ne, an haife shi a 529 (1135), ya rasu a 596 (1200). Wannan isnadi shi ne turken da ya ɗaure Hamda a ƙarni na 6 na Hijira, shi ya sa Zirikli a cikin Al-A'alam ya ƙiyasta rasuwarta a wajen shekara ta 600 (1204). Lissafin ba shi da wuya. An haifi Ibn al-Barraƙ shekara 92 bayan rasuwar Manazi. Da a ce Hamda ta tsara baitocin tana da shekara 20 a shekarar da Manazi ya rasu, Ibn al-Barraƙ kuma ya saurare ta yana ɗan shekara 10, da ta kai shekara 122 a ranar da ta karanta masa waƙa.

Waƙar da Ibn al-Barraƙ ya ji daga bakinta kuwa wata ce daban. Ita ma a kan kwari take, ta tsara ta ne bayan wata fita shan iska da ta yi da wasu 'yan mata a bakin kogin garinsu, inda ta siffanta yadda ƙoramu da lambuna suka kewaye juna, sannan ta koma kan kyan ɗaya daga cikin abokan fitar. Karinta Wafir ne, amsa-amonta harafin dalun, ɗangonta na farko kuma da kalmar wadi ya ƙare. A nan ne, bisa ga dukkan alamu, aka sami mahaɗar. Ga mace 'yar garin da sunansa ya fara da Wadi, ga sananniyar waƙarta ta kwari, ga kuma wasu baitocin kwari masu kari iri ɗaya suna yawo ba tare da sunan wuri a cikinsu ba, domin babu ambaton Buza'a ko Wadi Ash a ko ɗaya daga cikin biyar ɗin. Mai haddar da ya jera waƙoƙin biyu a ƙwaƙwalwarsa ba ya bukatar mugun nufi kafin ya ba su uwa ɗaya. Masu nazarin waƙoƙin ƙarni na 19 na ƙasar Hausa sun san irin wannan, ganin yadda Tabbat Haƙiƙa ta bi ta hannun mutum uku: Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Amfanin sa suna da ramzi a baitocin ƙarshe ke nan, abin da guntuwar waƙar Larabci ta wancan zamani ba ta da shi.

4.0 Ru'aini da Maƙƙari

Littafin da ya yaɗa da'awar Andalus shi ne Nafhuɗ Ɗib na Ahmad al-Maƙƙari, mutumin Tilimsan da ya rasu a Alƙahira a 1041 (1632). Ba baƙo ba ne ga malaman ƙasar Hausa, shi ne mai Ida'atud Dujunna da ake karantawa a zaure, ya kuma sadu da Ahmad Baba na Tambutu a Marrakish. Ya rubuta Nafhu ne bisa roƙon malaman Dimashƙa, bayan Garnaɗa ta faɗi a 1492 da kusan shekara 140, kuma kaso mai yawa na littafin kare martabar mutanen Andalus ne a gaban mutanen gabas. Duk da haka, da ya zo kan baitocin bai ce na Hamda ne kai tsaye ba. Cewa ya yi wasu sun jingina mata su, ya ambaci wanda ya fi tsayawa a kan haka, ya kwafo maganarsa, sannan ya biyo ta da labarin Ibn al-Adim.

Wanda ya tsaya ɗin shi ne Abu Ja'afar al-Ru'aini na Garnaɗa (ya rasu 779/1378). Shi da abokinsa Ibn Jabir makaho, mutumin Almariya, sun bar Andalus tare a wajen 738 (1337), suka yi aikin hajji, suka zauna a ƙasar Halab har ƙarshen rayuwarsu. An san su da laƙabin makaho da mai gani, Ibn Jabir yana tsara waƙa, Ru'aini yana rubutawa yana sharhi. A maganarsa da Maƙƙari ya kwafo, Ru'aini ya zargi mutanen ƙasar da yake zaune a cikinta da son kai, ya ce sun ba mawaƙinsu abin da ba nasa ba, shi kuwa ya ga masu tarihin Andalus sun tabbatar wa Hamda baitocin tun kafin a halicci Manazi.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce dukkan hujjar, kuma ita ce lissafin da ya gabata ya rushe. Babu yadda za a yi mai tarihi ya rubuta wa mace waƙa kafin haihuwar mutumin da ya rasu tun ba a haife ta ba. Ru'aini bai ambaci sunan mai tarihi ko ɗaya ba, bai ambaci littafi ba. Ya rayu bayan Hamda da kusan ƙarni biyu, bayan Manazi da fiye da ƙarni uku, yana kuma rubutu nesa da ɗakunan karatun Garnaɗa. Ba lalle ne a tuhume shi da ƙarya ba. Mai yiwuwa ne tun yana saurayi ya ji baitocin da sunan Hamda, ya kuma ɗauka cewa ita tsohuwar mawaƙiya ce ƙwarai. Mutumin da ya shekara kusan 40 a ƙasar wasu, wanda kullum ake nuna masa cewa ilmi da fasaha daga gabas suka je yamma, ba zai ji daɗi ba a ce ko wannan ɗan kwarin da yake tunawa da gida da shi na wani ƙauye ne da ke kusa da inda yake baƙunci.

Akwai wata shaida da ake kawowa don nuna cewa da'awar ta girmi Ru'aini. A bugun Mu'ujamul Udaba na Yaƙutu al-Hamawi (ya rasu 626/1229) akwai tarihin Hamda, inda aka ce adiban gabas sun haɗu a kan Manazi, na Andalus kuma suna ba Hamda. Tarihin yana cikin juzu'i na huɗu na bugun Margoliouth, wanda ya fito a 1927, masana kuwa sun daɗe suna shakkar cewa duk abin da ke cikin wannan juzu'i daga alƙalamin Yaƙutu ya fito. Lafazin ma ya yi kama ainun da na Ru'aini da na Ibn al-Adim a haɗe. Ko da an sallama cewa na Yaƙutu ne, iyakar abin da zai nuna shi ne gardamar ta fara da wuri, ba zai mayar da Hamda gaban Manazi ba.

5.0 Hujjar salo

Rushewar maganar Ru'aini ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Mai jayayya zai iya cewa Hamda ta tsara baitocin a ƙarni na 6, alhazai da fatake suka kai su gabas, can aka laƙaba wa Manazi tun da ba diwaninsa balle a duba. Hankali bai kore wannan ba, amma lokacin ya yi kaɗan. An haifi Ibn al-Adim a 588, sa'ad da Ibn al-Barraƙ yake da rai. Sai a ce cikin rayuwar mutum guda baitocin sun ƙetare teku, sun yar da sunan mai su, sun sami sabon mawaƙi da sabon kwari da hikaya da Ma'arri, ba tare da masanin tarihin Halab ya ji ƙishin-ƙishin ba. A ɗaya ɓangaren kuma, isnadin da ya kai ga bakin Hamda wata waƙar ya ɗauko.

Saura hujjar da wasu manazarta na zamani suka fi so, wato cewa hoton shayarwa da yaye da sarƙar wuya daga zuciyar mace kawai zai fito. Wannan ita ce mafi rauni. Imru'ul Ƙais ya ambaci mai shayarwa da jaririnta a Mu'allaƙarsa, ya kuma kamanta garken shanun daji masu gudu da duwatsun ado da aka jera a wuya. Kamanta tsakuwa ko taurari ko hawaye da lu'ulu'un sarƙa kayan aikin kowane mawaƙin Larabci ne, namiji ko mace. In kuwa aka gaskata Ibn al-Adim, kalmar yaye da ake ganin ta fi kowace nuna taushin zuciyar uwa, wani tsoho makaho ne da bai taɓa aure ba ya sa ta a baitin.

Yaɗuwar sunan Hamda a littattafan makaranta ya biyo bayan ɗab'i ne. An buga sashen farko na Nafhuɗ Ɗib a Leiden tsakanin 1855 da 1861 a ƙarƙashin Dozy da abokan aikinsa, aka buga shi cikakke a Bulaƙ a 1279 (1862), daga baya Ihsan Abbas ya fitar da ingantaccen bugu mai juzu'i takwas a Bairut a 1968. Masu tsara babin siffanta yanayi a waƙar Andalus suna bukatar misali gajere mai daɗin hadda, masu tsara babin mawaƙa mata su ma haka, baitocin biyar kuwa sun biya bukatun biyu a lokaci guda. Da yawansu sun ɗauki baitocin da sunan Hamda daga shafin Maƙƙari, suka bar labarin Ibn al-Adim da ke biye da su a wannan wuri.